Langar Alkakin Hajiya Adama

Masu bibiyata, na ga saƙonninku. Wata ta ce na cika taurin kai, wata kuma ta rubuto min wai, "Anti Safara'u, loma ɗaya fa ce, me za ta yi miki?" To ku gyara zama, yau zan ba ku labarin lomar nan ɗaya.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Safara'u. 'Yar Toranke ce ni, can ƙasar Ajingi, ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Gaya. Kuma ba na cin alkama. Ba yanga ba ce, ba kuma irin rage ƙibar nan ta 'yan gayu ba. Hanjina ne ba ya ɗauka.

Tun ina ƙarama ni ce mai ciwo a gidanmu. Ciki a kumbure kamar ganga, hannuwa kamar sillen kara, gudawa ba ta da ranar hutu. An ce shawara ce, an ce basir ne, wata maƙwabciyarmu ta rantse mayu ne suka kama kurwata. Na sha saiwoyi har harshena ya daina banbance ɗaci da zaƙi. 'Yan ajinmu Tsinken Tsire suke ce min. Ban taɓa yin kuka a gabansu ba, sai dai in bari ranar jarrabawa in rama. A haka na gama sakandare, a haka na gama jami'a, gashi yana zuba, al'ada sai watan da ta ga dama, ina hawa bene ina haki kamar tsohuwa.

Sai ranar da na yanke jiki na faɗi a gaban allo aka kwashe ni zuwa wani babban asibiti a Kano. Suka ɗebi jini, suka zura min wani siririn bututu mai kyamara ta maƙogwaro. Likitar, wata dattijuwa mai farin gilashi, ta zaunar da ni ta ce, "Akwai wani sinadari a cikin alkama, gulutin ake ce masa. Jikinki yana ɗaukarsa abokin gaba, idan ya tashi faɗa da shi sai ya huce a kan hanjinki. Shi ya sa kike ci ba kya ƙiba, abincin wucewa kawai yake yi. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Ki bar alkama, har abada. In kika ci gaba, ƙashinki zai yi sanyi, jini ba zai zauna ba, gobe in kin yi aure ciki ma yana iya ƙin tsayawa."

Dariya na yi. Na ce, "Likita, ai mu 'yan gero da dawa ne."

Sai da na dawo gida na gane ashe alkama ta riga ta shige ko'ina. Biredin shayi, taliya, fanke, cincin, funkaso. Ɗanwaken da muka sani na wake da rogo, yanzu rabinsa fulawa ne. Mai waina tana barbaɗa ta a ƙulli don ya kama jikinsa. Hatta injin niƙan unguwarmu, wanda ya gama ɓarzar alkamar wata shi zai karɓi dawarki. Umma, mahaifiyata, ta sa aka sassaƙa min turmi nawa ni kaɗai. Tun rasuwar Babanmu take fama da ciwon kafaɗa, amma da hannunta take daka min gari, ba ta yarda kowa ya taɓa turmin nan.

Kafin damina ta zagayo sai ga kumatu. Gashina ya fara kama kitso, cikin idona ya yi ja, na fara tsayawa darasi uku a jere ban nemi kujera ba. Kakata Iya Kolo ta kalle ni wata rana ta riƙe haɓa.

"Ashe mace ce a gidan nan? Ni duk a zatona taɓarya muka jingine a ɗaki."

A wannan lokacin ne Muktar ya gan ni.

Ɗan Kademi ne, yana da shagon iri da takin zamani kusa da inda nake jiran motar Ajingi. Ranar da ya fara zuwa zance ya zo da leda cike da gurasa da tsire. Na yi masa bayani, ina jiran ya yi dariyar da kowa ke yi. Bai yi ba. Zuwan da ya biyo baya sai ga shi da dabino da rake da dafaffiyar gyaɗa. Ya sa min suna Sarauniyar Gero, haka ma ya ajiye lambata a wayarsa. Ku yi min adalci, ku da kuke cewa ba ni da zuciya: mace nawa ce za ta ga wannan ba ta narke ba?

Matsalar tana Kademi. Mahaifiyarsa, Hajiya Adama, ita ce uwar alkaki. Daga Kademi har cikin Gaya, garar amarya ba ta cika in ba alkakinta a ciki. Kuma a gidansu akwai abin da suka gada: kafin a sa rana, Hajiya za ta soya alkaki da hannunta, ta zuba a wata tsohuwar langa ta mahaifiyarta, gwaggonni su kawo gidan yarinya. Yarinyar za ta gutsura a gabansu, su rangaɗa guɗa, a juye sauran, a mayar da langar da goro da turare a ciki. In langa ta koma da alkakinta, magana ta mutu. Ba wanda ya taɓa faɗa min haka baki da baki. Kowa dai ya sani.

Labarina kuwa ya riga ni isa can. Wai yarinya ce mai yawo da kwanonta, ba ta cin abincin mutane. Wai ramar da ta yi a baya da sintirin asibitin Kano ba banza ba. Wai boko ne ya hau mata kai.

Umma ta same ni a tsakar gida ina tankaɗe. Ta zauna a bakin turmi, ta daɗe tana murza kafaɗarta.

"Safara'u."

"Na'am, Umma."

"Gutsure ɗaya ne. Ki haɗiye, su yi guɗarsu su tafi. In kin kwanta ni zan yi jinyarki, ba yau na fara ba."

"Sai kuma in na tare fa, Umma? Ranar suna gutsure ɗaya, ranar sallah gutsure ɗaya. In na ci yau, da wane bakin zan ce musu ba na ci gobe?"

"Ke dai komai sai kin yi masa lissafi kamar kina aji." Ta juya kai gefe. "Sa'anninki duk suna ɗakunansu. Yaron nan yana sonki. Ni ba dawwama zan yi ina miki daka ba."

Na ci gaba da kaɗa rariya.

Wata Juma'a, lokacin muna hutun makaranta, sai ga Zuhra ƙanwar Muktar da kula biyu, waina da miyar taushe. Yarinya ce mai fara'a, tana shigowa ta faɗa kan katifata.

"Anti, Yaya ne ya ce a kawo wa Sarauniya."

"Me aka sa a ƙullin?"

"Haba Anti, ki ci kawai. Yaya da kansa ya tsaya a kai."

"Shinkafa ce zalla?"

Ta zaro waya tana dannawa. "Ai kin san Yaya a kanki."

Na san shi, ko in ce na ɗauka na san shi. Ni da nake juya kwalin komai in karanta kafin in kai baki, ni da ko a gidan biki ruwa kaɗai nake sha ana zunɗena, ranar na saki jiki. Na ci wainar nan har na suɗe miya. Rabona da in ci abin da wani ya dafa ba tare da faɗuwar gaba ba har na manta.

Kafin magariba cikina ya ɗaure kamar ana murɗa wanki. Amai, gudawa, sanyi har cikin ƙashi. Washegari ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, aka kai ni wani ƙaramin asibiti a Ajingi aka ɗaura min ruwa. Bakina duk ya fashe. Umma a kan tabarma a gefen gado, carbi a hannu, tana kallon ruwan yana ɗiga. Na ɗauki hoton hannuna da allurar a jiki na tura wa likitata ta Kano, ta ce tabbas wani abu ya shiga, in yi tunani.

Na yi tunanin. Na ce ƙila a man da aka soya fanke aka soya, ƙila ludayi ne aka haɗa. Kuskure dai. Sai ga saƙonsa.

"Ranki ya daɗe, ya wainar?"

Da hannu ɗaya na rubuta, "Ta yi daɗi sosai. Na gode."

"Jikin fa? Ba wata matsala?"

Na kalli robar ruwan da ke rataye. Na tuna Kademi, na tuna masu cewa ramata ba banza ba. In suka ji na sake kwanciya, me za su ƙara? Kuma yarinya ta ɗauko kula tun daga can, in ce abincinsu ya kwantar da ni?

"Lafiya lau, alhamdulillah."

Na roƙi Umma kada ta gaya wa kowa. Ita a zatonta a wurin bikin wata ƙawata na kwaso, ban kuma gyara mata ba.

Bayan an sallame ni ya zo zance, da la'asar sakaliya. Shadda ruwan sararin samaniya, hula zanna ta zauna daidai, turarensa ya riga shi shigowa zaure. Ni kuwa na zumbula dogon hijabi don ya rufe filastar da ke bayan hannuna, na shafa hoda da kwalli don kada ya ga yadda idona ya faɗa. Tun kafin in gama shimfiɗa darduma yake murmushi.

"Albishirinki."

"Goro."

"Fari ko ja?"

"Malam Muktar, faɗi mana."

Ya gyara zama, ya tafa hannu. "Kin warke, Safara'u. Wallahi kin warke, ke ce ba ki sani ba. Wainar nan da kika ci, da fulawa a ciki. Ni na sa Zuhra ta zuba, ba kaɗan ba kuwa. Na tambaye ki, kika ce lafiya lau. Kin gani? Tsoro ne kawai likitocin nan suka dasa miki."

Masu karatu, kun taɓa jin zaure ya yi muku faɗi? Ina ganin bakinsa yana motsi, ina jin kukan awakin maƙwabta, amma kamar daga wani gari.

"Kai ka sa ta zuba," na ce.

"Don mu na yi. In na faɗa miki ai ba za ki ci ba."

"Gwada ni ka yi kenan."

"Haba, wane irin gwaji? Ko iri ne aka kawo min sabo, sai na zuba a gefen gona na gani kafin in sayar wa mutane. Ga shi kuwa ya yi kyau." Ya yi dariya, shi a dole ya yi abin kirki. "Na riga na gaya wa Hajiya. Ta ji daɗi ƙwarai, har ta sa an wanke alkama. Asabar su Gwaggo Naja'atu za su kawo langa."

"Da wani abu ya same ni fa?"

"Ga ki nan ai, tubarkalla, kamar ma kin ƙara haske."

Hodar ce. Hannuna yana ƙarƙashin hijabi, babban yatsana a kan filastar. Ɗaga hijabin kawai zan yi magana ta ƙare. Na san za ku ce me ya hana ni. Abin da ya hana ni shi ne: na gaya wa mutumin nan ciwona tun ranar farko, da bakina, ban ɓoye masa komai ba. Duk dabinon nan da raken, ashe lallaɓa mai taɓin hankali yake yi. In sai ya ga hujin allura zai yarda, to da allurar ya yarda, ba da ni ba.

Na miƙe na naɗe dardumata.

"Sarauniya, ina zuwa kuma?"

"Kaina ke ciwo. Ka gaida gida."

Asabar ta zo. Umma ta share tsakar gida tun hantsi, ta shimfiɗa sababbin tabarmi, ta turara ɗaki. Ta fito min da atamfa mai ruwan goro da mayafin da ya dace da ita, ta sa aka zana min jan lalle. Mai lallen ta tambayi tabon bayan hannuna, na ce sauro ne, ta zana fure a kai. Goro da turaren da za a mayar a langa suna kan faranti, an rufe da farin kyalle.

Bayan azahar suka iso, mata huɗu, Gwaggo Naja'atu ƙanwar mahaifin Muktar a gaba, doguwa mai haƙorin makka. Aka gaisa, aka tambayi damina, aka sha fura. Sannan ta kwance ɗaurin ta ajiye langar a gabana, tsohuwa mai zanen fure, bakinta duk ya ɓantare. Ta ɗaga murfin.

Ba zan yi muku ƙarya ba, yawuna ya tsinke. Alkaki ne jawur, an naɗe shi kamar kitso, yana sheƙin zuma, ƙamshin man gyaɗa da tsamiya ya cika rumfar. Ina yarinya Babanmu yakan sayo min irinsa ranar kasuwa, in ci ina murna, in kwana ina murƙususu, ba wanda ya san dalili.

Iya Kolo ta matso da sandarta. "Ku miƙo nan. Ai ni ce amaryar, wannan 'yar rakiya ce."

"Iya, da wane haƙorin?" in ji Gwaggo. Aka kwashe da dariya. Gwaggo ta turo langar gabana. "Bismillah, 'yata. Hajiya tun asuba take kan kasko saboda ke."

Ɗaya daga cikinsu har ta kama hanci tana shirin guɗa. Na ɗaga ido na kalli Umma. Idonta roƙona yake yi.

Na durƙusa sosai, na sa hannu biyu na dafa gefen langar.

"Gwaggo, ki gaya wa Hajiya na gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na san hannunta ne, na san darajarsa. Amma ba zan iya ci ba. Ciwo ne da ni, ba raini ba."

Mai guɗar ta saki hancinta.

"Ikon Allah," Gwaggo ta ce a hankali. "Wane ciwo kuma? Ba an ce kin warke ba? Muktar da bakinsa ya ce ya sa an zuba miki fulawa a waina, kin cinye tas, kin kwana lafiya. Wainar Zuhra ta ciwu, sai alkakin Hajiya ne guba?"

"Wace wainar?"

Muryar Umma ce. Ban taɓa jin ta haka ba.

"Ta ranar Juma'ar nan mana, ai dabara ya yi mata don..."

"Juma'ar da ta wuce ta sama?" Umma ta juyo gare ni. "Safara'u, ɗago ki kalle ni. Ita ce?"

Na gyaɗa kai.

Umma ta miƙe. Matar da ko a gaban mai tallan manja ba ta ɗaga murya, ta tako har tsakiyar tabarma, ta kama hannuna ta juya bayansa, ta nuna musu tabon da ke ƙarƙashin furen lalle.

"Nan aka sa mata allurar ƙarin ruwa. Ni na kwana a ƙasa ina kallonta tana amai har ba abin da ke fita. Ashe aiko mata aka yi." Ta saki hannuna. Ta sunkuya ta ɗauki murfin, ta rufe langar da kanta, ta ɗaure kyallen kamar yadda aka kawo shi. "Ku mayar wa Hajiya, ku ce muna gaisuwa. Wahalar da na sha kafin yarinyar nan ta tsaya da ƙafarta, Allah kaɗai ya sani. 'Yata ba gefen gona ba ce."

Ni na gaya mata maganar gefen gona? A'a. Ashe ranar tana bayan ƙofar zaure tana shanya, ta tsinci ƙarshen hirar ba ta gane kan maganar ba sai yanzu.

"Maman Safara'u, kin san abin da hakan ke nufi," in ji Gwaggo.

"Na sani."

Suka yafa mayafansu. Ba guɗa, ba rakiya sai ta Iya Kolo da ta bi su har zaure. Goro da turare suna nan kan faranti yadda aka ajiye su.

Na ɗauka zan ji sanyi a raina, na yi nasara. Sai na ji Umma ta shige madafa ta turo ƙofa, tana irin kukan nan da ake toshe baki da zani. Ita ta rufe langar, amma na san abin da ta rufe a ciki: ɗakin da take ta yi min addu'arsa tun ina tsinken tsire. Na zauna a bakin gado da atamfata da lallena. Kuma kada ku ɗauka na daina sonsa a lokacin. Da so yana fita kamar yadda abinci ke fita daga cikina, da na huta.

Wayata ta yi ƙara, saƙon Muktar ne.

"Safara'u me na yi miki? Langa ta dawo. Hajiya ta shige ɗaki ta ƙi magana da kowa. Ko gutsure ɗaya? Saboda ni?"

Na nemo hoton nan na asibiti, hannuna da allura da filasta, kwanan wata a jikinsa. Na tura masa. Na rubuta a ƙasa, "Ga lafiya lau ɗin da na ce maka. Ba don ka yarda na turo ba. Don ka san abin da ka yi ne."

Ya buɗe. Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo, ta daɗe, ta sake ɓacewa.

A tsakar gida na ji an jawo turmi. Umma ta fito, ta zuba dawar tuwon darena, ta fara daka da kafaɗar nan tata. Na tashi zan je in karɓe ta, sai wayar ta hau ruri a hannuna. Ba lambarsa ba ce, baƙuwa ce. Na ɗauka na yi sallama.

Sai wata murya ta dattijuwa, a dake, ba gaisuwa:

"Adama ce, daga Kademi. Ke ce yarinyar da ta dawo min da langar uwata a cike?"

Dakan Umma ya tsaya. Na gyara mayafina kamar tana ganina, na miƙe tsaye sosai.

"Ni ce, Hajiya."